Kwana Uku da Kulu Ta Kau da Kai

Duk wanda ya zauna Zango a garin Damagaram ya san Kulu Mai Shara, in bai san ta a ido ba to ya san muryarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kuma Allah ya ba ta baki. In ta tare ɗan kabu-kabun da ya watsa mata ƙasa, sai ya gwammace ɗan sanda ne ya kama shi. Mutane suna cewa babu maganar da Kulu ke jin nauyin faɗa, amma sun yi kuskure. Akwai mutum ɗaya a duniya da ta yi shekara ashirin da ɗaya ba ta haɗa ido da ita ba, ita ce kuwa ɗiyar da ta haifa da cikinta.

A wani ƙauye kusa da Takieta aka haifi Kulu, gidan manoma gero da gyaɗa. Can ta auri Nomau, can kuma ta haifi Ramlatu a shekarar tamanin da huɗu, shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai ko fid da kai ba. A danginsu ana riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi a gaban mutane. Kulu ta ɗauki abin ta ƙara masa gishiri. Ko nono za ta ba jinjirar sai ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Tsofaffi suka yi ta yaba ta, suna cewa ga ɗiyar mutunci, yabon kuwa ya shiga kanta ya zauna. Da aka yaye yarinyar, uwar Nomau, wadda kowa ke kira Kaka, ta ɗauke ta, yunwa kuma ta koro Kulu da mijinta Damagaram. Ramlatu ta tashi tana ce wa uwarta Yaya. Ita kuwa Kulu in ya zama dole ta ambace ta, sai ta ce "ta wajen Kaka".

Nomau ya yi gadin wani kanti har Allah ya karɓi ransa. Kulu ta sami shara a wata babbar makaranta mai ɗakunan kwana a gefen gari, inda samari da ƴan matan da suka gama lise, wato babbar sakandare, ke koyon aiki. A ɗakin shan magani aka ajiye ta, ƙarƙashin Majo Shatu, ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo ta makarantar. Tana share ɗaki, tana wanke zannuwan gado, tana tafasa almakashi, tana kuma yi wa duk ɗalibin da ya zo da ciwon ƙarya tatas. Ta ƙara haihuwa huɗu, waɗannan kam ta goya su, ta zage su, ta yi musu waƙa. Ramlatu sai dai labari: ta ci jarrabawa, ta wuce kolej, ta wuce lise. Duk ranar da labari ya zo Kulu takan shiga ɗaki ta yi murnarta ita kaɗai, ta fito fuska a ɗaure.

Ana nan sai ga Ramlatu an turo ta makarantar da uwarta ke shara. Doguwa, mai sanyin magana, da akwatin ƙarfe da buta. A takarda an rubuta ƴar Takieta, uba ya rasu. Ba ta ce wa kowa ga uwarta ba, domin an tarbiyyantar da ita ta san nata gefen kunyar. Kulu ma ba ta ce ba. In sun haɗu a hanya Ramlatu ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Yaya," Kulu ta amsa wa iska ta wuce. Ba ƙiyayya ba ce, kada a yi mata ƙazafi. Sau da yawa takan ƙulla ƙuli-ƙuli a leda ta ajiye a tagar ɗakin kwanan yarinyar lokacin da suke aji. Amma ko Majo Shatu da suka yi shekara goma tare ba ta san komai ba.

Shekarar dubu biyu da biyar ta zo da nata. Daminar da ta wuce ruwa ya yanke da wuri, fara ta share ɗan abin da ya rage. Mutanen ƙauye suka koma jiƙa ƴaƴan anza masu ɗaci suna ci, mata da goyo suka cika bakin tasha. A makaranta tuwon dare ya koma kamar na gidan makoki, ranar Lahadi ma ba a ɗora tukunyar rana. Ƴan gari ba su ji jiki sosai ba. Ɗiyar mai kanti a Zango ko ta ma'aikaci a Birni tana fita ta ci a gida, in zazzaɓi ya kama ta a zo da mota a kai ta likitan kuɗi. Ƴan ƙauye su ne ke kwance a dortuwar, ɗakin kwanansu, suna sauraren cikinsu, su ne kuma ke layi a ƙofar Majo suna jiran ƙwayar da sau da yawa ta ƙare. Yarinyar da ke jin yunwa ba ta da kowa a gari kuwa, mugu yana hango ta tun daga nesa.

A wannan shekarar wata ƙungiyar mata ta kawo tsarin wayar da kan ɗalibai game da fyaɗe da masu latsa ƴan mata da sunan taimako. Aka kai Majo Shatu horo na sati guda, ta dawo da takardu da wani ɗan kwali na magani kyauta. Ranar Alhamis bayan la'asar ta tara ajin farko a inuwar dogon yaro ta hau karanta musu Faransanci. Ƴan mata suka yi ta hamma, wasu na tsefe kai. Kulu da ke shara a gefe ta ji abin ya ishe ta, ta jefar da tsintsiya.

"Majo, ba ni su minti biyar. Ke, mai jan kallabi, ajiye kum ɗin nan! Abin da takardar ke faɗi shi ne, jikinki ba tiyar gero ba ne da za a auna a ba ki canji. Mushe mai koyar da ku ne, gardin ƙofa ne, saurayinki ne, in kin ce a'a to a'a ce. Wanda ya ce ki zo ki karɓi abu ke kaɗai, ki tafi da ƙawa. In kuwa an fi ƙarfinki, ba ke kika yi abin kunya ba, shi ya yi. Kada ki ɗauki kayansa ki ɗora a kanki."

Ta nuna kwalin da ke hannun Majo ta ce a ciki akwai maganin da ke hana ciki da wanda ke tare cuta, ba a biyan ko dala, ɗiyar gwamna da ɗiyar mai tallan hura duk ɗaya. Amma yana da wa'adi.

"Kwana uku ne. In ya wuce, ya wuce. Ba sai kin iya tsara magana ba. Ki zo wurina ki tsaya kawai, ni Kulu zan gane."

Daga ranar darasin ya koma hannunta. Majo na riƙe da takarda, Kulu na riƙe da ƴan mata. Har samari aka tara mata sau biyu, ta wanke su tas, suka tashi suna sosa ƙeya. Sunanta ya zaga makaranta, ita ma ta ji daɗin abin, ta fara ɗaura sabon kallabi ranar Alhamis.

Sai ranar ajin su Ramlatu ta zo. Kulu ta fito da ƙarfinta, ta buɗe baki, ta ga yarinyar zaune a sahun gaba da littafi a cinya. Yaya za ta ambaci jikin mace da abin da namiji ke yi a gaban ɗiyar fari? Wanzami dai ba ya son jarfa. Ta dubi gefe ta ce, "Ke ta bakin nan, tashi ki je ki tsare ɗakin magani, kada wani ya zo bai tarar da kowa ba." Ramlatu ta rufe littafinta ta tashi. Haka aka yi sati na biyu, haka aka yi na uku, har ya zama in an taru ita da kanta take miƙewa ba sai an ce ba.

Mai riƙe da makullin magaze, inda ake ajiye shinkafa da mai da sukari na makarantar, wani ne Suma'ila. Mutum mai fara'a, ba ya wuce babba bai gaishe shi ba, carbi kullum a hannu. Musa a baki ne, amma wa ya sani a lokacin? Wata safiya ya tsaya inda Kulu ke shanya zannuwa, suka gaisa, ya yi jajen halin da ake ciki. Ramlatu ta gifta da bokiti. Ya bi ta da kallo ya ce, "Baba Kulu, yarinyar nan tausayi take ba ni, duk ta rame. An ce ƴar wajenku ce. Tana da wani a garin nan kuwa?"

Da ta ce ɗiyata ce, da magana ta ƙare a nan. Kalma biyu ce. Amma a ce ta buɗe baki ta yi iƙirarin ƴar fari a gaban namiji? Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi. Ta ci gaba da matse zane ta ce, "Oho. Ƴar ƙauyenmu ce dai, a hannun kakarta take." Suma'ila ya ce Allah sarki, ya wuce. Ita kuwa har ta ji ta kyauta.

Cikin watan bakwai aka kwashe ma'aikatan jinya aka tura su ƙauyuka, inda ake auna yaran da yunwa ta kama. Majo Shatu na cikinsu, za ta yi sati biyu. Kafin ta hau mota ta damƙa wa Kulu makullin kabad ta ce, "In wata ta zo, ki ba ta na cikin kwalin nan take, ki ɗora ta a kabu-kabu ki kai ta likita da kanki." Kulu ta ƙulle makullin a bakin zanenta.

Ranar Litinin da hantsi tana goge tebur, ƴan mata uku na zaune a benci, sai ga Ramlatu a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Yaya." Ta tsaya. Da wata ce, da Kulu ta ɗaga kai ta karanta fuskarta tun kafin ta sake numfashi. Wannan kuwa fuskar da ba ta kallo ce. Ta ɓallo ƙwayar ciwon kai biyu ta ajiye a gefen tebur ta ce, "Ga shi nan, a sha da ruwa." Yarinyar ta ɗan jima, ta ɗauka ta tafi.

Talata da la'asar Ramlatu ta taka tun daga makaranta har Zango, abin da ba ta taɓa yi ba sai da salla. Ta tarar da uwarta cikin matan gidan haya ana tsinke zogale. Ta gaida kowa ta zauna a bakin tabarma. Kulu ta miƙe kamar an tsikare ta, ta ce wa maƙwabciyarta, "A zuba wa baƙuwar nan abinci," ta shige ɗaki ta hau ninke kayan da ta riga ta ninke. Tana jin matan na cewa ci mana, yarinya. Da ta leƙo an kira magariba, kwanon na nan a rufe, mai shi ta tafi.

Laraba suka haɗu a bakin famfo, ɗalibai cike da wurin. Kulu ta sunkuya za ta ɗauki bokiti sai ta ji an riƙe bakin zanenta, daidai ƙullin makullin. Tun da aka yaye ta Ramlatu ba ta taɓa jikin uwarta ba. Kulu ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Ta fizge zanen ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke ba ki da kunya? Mutane na kallo." Hannun ya sake ta. Daga ranar Ramlatu ba ta sake zuwa ba, in ta hango ta ma sai ta canza hanya. Kulu ta ce a ranta fushin yara ne, ta ƙulla ƙuli-ƙuli ta kai taga.

Aka yi wata biyu. Ruwa ya sauka, gero ya fara nuna, mutane suka fara samun ganye. Wata ranar Asabar Majo Shatu ta kira Kulu cikin ɗaki ta tura ƙofa. Ranta a ɓace yake. Ta ce wata ɗaliba ta faɗi a aji jiya, ta duba ta, ciki ne. Da kyar yarinyar ta yi magana. Wata Lahadi da rana, lokacin da ƴan gari suka tafi gida, Suma'ila ya ce ta zo magaze ta karɓi gari da sukari, ya rufe ƙofa, ya fi ƙarfinta. Yanzu ya rantse bai san zancen ba, shi kuma direkte, shugaban makarantar, ya ce yarinyar da ba ta da mai tsaya mata sai dai ta kwashe kayanta.

"Ramlatu ce, ƴar wajenku," in ji Majo. "Na tambaye ta ina uwarki, ta yi shiru. Ke da kika san ƙauyen, a ina za mu samo matar? Wace irin uwa ce wannan, ɗiyarki na cikin wannan hali a shekara irin wannan, ko leƙe?"

Litinin, Talata, Laraba suka dawo wa Kulu ɗaya bayan ɗaya, ga kabad ɗin nan a gabanta, taku biyu daga inda yarinyar ta tsaya. Kunyar da ta yi shekara ashirin da ɗaya tana taƙama da ita ashe ba komai ba ce. Yau ta san kunya, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage ya shige.

"Ni ce," ta ce.

"Ke ce me?"

"Ni na haife ta, Majo."

Majo Shatu ba ta zage ta ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Ta ce kawai, "Ɗauko mayafinki."

A ofishin direkte Suma'ila na zaune da carbinsa, Ramlatu na tsaye a lungu kanta a ƙasa. Direkte ya ga mai shara ta shigo ya ce ba yanzu ba, ana magana. Kulu ta ce ai maganar ce ta kawo ta. Da muryar nan tata da ake ji har bakin titi ta ce yarinyar nan ɗiyarta ce ta cikinta, ɗiyar Nomau, kuma ba inda za ta kwashe kaya ta tafi. Carbi ya tsaya a hannun Suma'ila. Ya miƙe a ruɗe, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Baba Kulu, wallahi da na san ɗiyarki ce da ban yi ba! Ai na tambaye ki!"

Direkte ya ajiye alƙalami. Babu sauran musu, mutum ya ɗaure kansa da bakinsa, kafin azahar ƴan sanda suka zo daga komisariya suka tafi da shi. Aka kuma yarda Ramlatu ta ci gaba da karatu bayan ta sauka. Majo ta ce an yi nasara. Kulu ba ta ji nasarar ba, domin a duk ƙaryar da mutumin ya yi, wannan guda ɗaya gaskiya ce, kuma kowa a ɗakin ya ji ta.

Ranar Litinin ta raka Ramlatu likita awo. Layin ya yi tsawo, mata daga ƙauyuka da yara masu siraran wuya sun cika baranda. Suka sami gefen benci suka zauna, kafaɗa na gugar kafaɗa. Kulu ta yi ta juya bakin mayafinta. Can ta tattara ƙarfinta ta juyo ta dubi fuskar ɗiyarta sosai. Ashe tana da ɗan tabo a gira, ashe idanun Nomau ne da ita. Ta ce, "Laifina ne. Ban bari kin ji darasin ba. Da kin ji, da kin san abin yi."

"Na ji, Yaya," in ji Ramlatu. Ba faɗa a muryarta, ba kuka. "Tagar ɗakin magani na kallon dogon yaron. Duk Alhamis ina ji. Kin ce kwana uku. Kin ce ba sai mutum ya iya magana ba, ya zo ya tsaya kawai za ki gane. Na zo na tsaya."

Kulu ta rasa inda za ta sa idonta. Hawaye suka zubo, ba ta share ba, matan da ke kusa suna kallo, ba ta damu ba. Ta kamo hannun yarinyar ta riƙe da hannu biyu.

"To gaya mini yanzu. Ga ni, ina ji. Duk abin da kika zo faɗi, faɗa mini."

Ramlatu ba ta janye hannunta ba. Ta dubi layin da ke gabansu.

"Na riga na gaya wa Majo," ta ce.

Aka kira mai bi, suka matsa gaba kaɗan a kan bencin.